Zama a Bhutan, ƙasar ladabi mai alfahari da mahaukacin waliyyi

Ni Bakatsine ne, kuma kirarinmu kowa ya san shi: kunya gare ku ba dai tsoro ba. Amma a fagen ladabi, Bhutan wuri ne da Katsina za ta shimfiɗa buzu ta ɗauki karatu. Ɗalibi a nan ba ya miƙa maka takarda da hannu ɗaya. In zai yi magana da babba sai ya rusuna, wani ma ya kare bakinsa da tafin hannu don kada numfashinsa ya kai fuskar na gaba da shi. Kusan kowace magana sai an ƙarasa ta da "la" ta girmamawa, har in Turanci ake yi. Makaranta da ofishin gwamnati ba a shigarsu sai da kayan ƙasa, gho ga maza, kira ga mata. In kuwa dzong za ka shiga, wato manyan gine-ginen nan masu kaurin bango da suka haɗa ofisoshin mulki da wurin ibada, sai namiji ya yafa kabney, mayafin da launinsa ke faɗin matsayinsa: fari na talaka, ja na masu sarautar Dasho, kore na alƙalai, ruwan ɗorawa na sarki da Je Khenpo, shugaban malaman addinin Buda na ƙasar. Duk wannan tsari sunansa driglam namzha.

Karatun digiri na uku na yi a Indiya, a fannin lissafi. Da na gama, gida babu gurbi, sai wani abokin karatu ya turo mini tallar aikin koyarwa a wata kwaleji da ke Thimphu, babban birnin Bhutan. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, a maƙale tsakanin Indiya da Sin, wadda talabijin bai shige ta ba sai 1999, kuma babban birninta har yau ɗan sanda ne ke ba motoci hannu, babu fitilar kan hanya. Birnin yana sama da mita 2,300 daga doron teku, don haka da farko matakala kaɗan ce ke sa ni haki. Na kama ɗakunan ƙasa a wani tsohon gida a bayan gari, masu gidan kuma, dattijo da matarsa, suna sama. Shi ina ce masa Apa, ita Ama, su kuma Lopen suke kirana, tunda malami ne.

To a jikin bangon wannan gida na masu ladabi, dama da hagun ƙofa, an zana al'aurar namiji. Ba a kaikaice ba, ba a dunƙule ba. Zane ne da fenti mai haske, tsawonsa ya kusa kai mutum, an ɗaura masa ƙyalle a tsakiya kamar kyauta. A kusurwoyin rufin kuma ga na katako suna reto, kowanne an gicciye shi da ɗan takobi. Ranar da maiɗakina ta biyo ni, ta tsaya a ƙofar da jaka a hannu, ta ɗaga kai, ta yi maza ta sauke.

"Innalillahi. Malam, nan ka kama mana?"

Na ce mata ai da sauƙi a nan, sai ta ga ƙauyukan wajen Punakha. Har yau in Hajiya ta kira ta bidiyo daga Katsina ta ce a zaga da ita ta ga gida, akwai ɓangaren da waya ba ta juyawa.

Apa ne ya fara warware mini. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana jin Turanci, bakinsa kullum ja saboda doma, ɗan ƙwallon nan da suke naɗewa a ganye da farar ƙasa su tauna. Goronsu ke nan: shi ake miƙa wa baƙo, shi ake rabawa a biki, da shi ake buɗe hira. Ya ce zanen kariya ne daga kambun baka da tsegumin mutane, kuma jama'a suna danganta shi da Lama Drukpa Kunley. Da ya ambaci sunan sai ya haɗa hannuwa a goshi, a lokaci guda kuma yana dariya. Ban taɓa ganin an haɗa waɗannan biyun ga mutum ɗaya ba.

Drukpa Kunley mutum ne na tarihi, ba tatsuniya ba. An haife shi a 1455 a yankin Tsang na Tibet, cikin dangin Gya masu riƙe da gidan ibadar Ralung, ya mutu a 1529. An kashe mahaifinsa a rikicin dangi tun yana yaro, ya shiga karatun addini ya yi nisa, daga baya ya ajiye alkawarin zama gelong, wato malaman nan masu jan mayafi da ba sa aure, ya kama yawo da kwari da baka da karen farauta, yana waƙa, yana shan giya, yana bin mata. Iyakar abin da tarihi ya riƙe ke nan a taƙaice. Sauran kuwa bakin jama'a ne ya riƙe, kuma bakin jama'a bai yi rowa ba.

An ce daga Tibet ya harbo kibiya kudu, ya biyo ta har wani gida a Toeb Chandana inda ta kafe a jikin tsani. An ce a mashigar dutsen Dochula akwai wata aljana mai cin matafiya, ya fatattake ta, ta rikiɗe ta zama kare, ya buge ta da abin nasa, wanda suke yi wa kirari da tsawar hikima mai wuta, ya binne ta a kan wani tudu. A kan tudun ne ɗan uwansa Ngawang Chogyel ya gina ɗakin ibadar Chimi Lhakhang a 1499. An ce wata rana jama'a suka matsa masa ya nuna karama, ya ce a kawo masa saniya da akuya. Ya cinye su tas, ya ɗora kan akuyar a kan ƙasusuwan saniyar, ya ƙyasta yatsa, dabbar ta miƙe ta nufi daji tana kiwo. Ita ce takin, dabbar da ƙasar ta ɗauka tambarinta. Akwai su a wani killataccen daji a Motithang, nan cikin Thimphu, kuma duk wanda ya ga ƙirarta zai yi wa mai labarin uzuri.

Waɗanda Apa ya fi so su ne na tsokanar malamai. Wai ya je wani gidan ibada ya tarar ana ta kambama mai jan baƙin karatu saboda zaƙin murya, ba don ya san ma'anar abin da yake rerawa ba. Sai ya jawo jaki, ya yafa masa jan mayafi, ya kai shi mazaunin manya, ya ce ga wani mai muryar. Wai kuma an ba shi zaren tubarraki da ake ɗaurawa a wuya, ya ɗaura a inda ba a faɗa, ya ce ai can ne ya fi bukatar kariya. Ama tana jin wannan takan kai wa Apa duka da bayan hannu, tana dariya har da hawaye, ita da ba ta wuce chorten, wato 'yar hasumiyar ibadarsu, ba tare da ta kewaya shi ta hannun dama tana jan carbi ba.

Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ta yaya mutanen da ke auna tsawon gho da gwiwa za su riƙe wannan a matsayin waliyyi? Da na bi diddigi sai na ga ba ma a gefe suka ajiye shi ba, a tsakar gida yake. Zhabdrung Ngawang Namgyal, wanda ya baro Tibet a 1616 ya haɗa kan Bhutan, wanda kuma ake jingina wa asalin driglam namzha, daga wannan dangi na Gya da wannan gida na Ralung ya fito. Tenzin Rabgye, mai mulkin da ya gina ɗakin ibadar Taktsang a gefen dutse a 1692, daga zuriyar Drukpa Kunley yake. Fitaccen littafin da ya tattara labaransa, da batsarsu da komai, Gendun Rinchen ne ya rubuta shi a 1966, malamin da daga baya ya zama Je Khenpo na 69. Wato masu doka da kansu ne suka adana labarin mai karya ta.

Sanyin Thimphu ya sa na samu sauran labarin. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa kan daskare a famfo, karnukan gari su kwana haushi, mu kuma mu hau sama mu kewaye murhun ƙarfen da suke hura wa itace, Ama ta zuba mana suja, shayin man shanu da gishiri wanda sai da maƙogwarona ya yi yaƙi kafin ya karɓa. A nan Apa ya nuna mini cewa Kunley ɗan baya ne. Addinin Buda na nan tafarkin tantra ne, Vajrayana, kuma tushensa wasu mutane ne da suka rayu a Indiya tsakanin ƙarni na 8 da na 12, da ake kira mahasiddha, ana ƙirga 84. Cikinsu akwai sarakuna da manyan malamai, amma akwai masaƙi, da baduku, da masunci, da mai wanki, da ɓarawo, da ɗan caca. Luipa ɗan sarki ne da ya koma bakin kogi yana cin hanjin kifin da masunta suka zubar, don ya kashe ƙyanƙyamin da ya rage masa na 'yan sarauta. Virupa an kore shi daga gidan ibada saboda giya da naman tantabara. Ya shiga mashaya ya ce zai biya in rana ta gota, sai ya tsayar da ranar cak yana ta sha, har sarkin garin ya gaji da zafi ya zo ya biya kuɗin.

Wanda ya taɓa ni shi ne Naropa, don malamin jami'a ne. Yana cikin manyan Nalanda, tsohuwar jami'ar addinin Buda a Indiya, babu mai ja da shi a muhawara. Wata rana yana karatu sai inuwa ta faɗo kan littafinsa, ya ɗaga kai ya ga wata tsohuwa mummuna. Ta tambaye shi, kalmomin ka gane ko ma'anar? Ya ce kalmomin. Ta hau rawa don murna. Ganin haka sai ya ƙara da cewa har ma'anar ma. Ta fashe da kuka, ta ce babban malami kamarka da ƙarya. Ya bar kujerarsa ya tafi neman wanda ta ce ya sani, Tilopa, mutumin da ke daka riɗi da rana, da dare kuma ya yi wa wata karuwa hidima. Ya same shi yana gasa kifi. Ya sha wuya iri goma sha biyu a hannunsa, har da faɗowa daga saman gini, kuma a ƙarshe ba da wani dogon bayani Tilopa ya buɗe masa ido ba, takalmi ya cire ya kwaɗa masa a goshi. Daga Naropa ilimin ya je ga Marpa, manomi mai iyali kuma mai zafin rai a kudancin Tibet, daga shi ya je ga Milarepa, wanda ya kashe mutum 35 da sihiri kafin ya tuba, ya zauna a kogo yana cin ganyen ƙaiƙayi har jikinsa ya koma kore. Wannan salsala ita ce Kagyu, kuma reshenta na Drukpa shi ne na gwamnatin Bhutan. Duk lokacin da ɗalibi ya zubo mini ƙa'idar lissafi daidai wa daida amma ya kasa faɗin abin da take nufi, nakan ce masa, kalmomin ko ma'anar? Aji ya kwashe da dariya, don duk sun san tsohuwar.

Maiɗakina ba ta sayi labaran da arha ba. Ta ce wa Ama ƙiri-ƙiri, duk wannan waliyyin naku mata yake bi, sai a ce albarka ya sa musu, ina ma a tambayi matan? Ama ba ta yi fushi ba. Sai ta sa Apa ya ba ta labarin Saraha, babban malami ɗan gidan Brahmin da ya bar komai ya zauna da wata mace mai sana'ar kibiya. Wata rana ya ce a yi masa miyar laphu, wani farin saiwa mai ɗan yaji da ake ci a nan. Kafin a sauke tukunya ya nutse cikin halwa, bai farfaɗo ba sai bayan shekara 12. Yana buɗe ido ya ce, ina miyata? Da ya ce zai tafi duwatsu ya keɓe kansa, matar ta ce masa, wanda shekara 12 ba ta cire masa miya daga rai ba, me dutse zai yi masa? Wannan kam maiɗakina ta karɓa hannu bibbiyu, kuma ni nake biyan kuɗinsa duk ranar da na idar da sallah na tambayi abinci. Amma tambayarta ta farko tana nan, ban ji an amsa ta ba.

Ni Musulmi ne, aƙidar ba tawa ba ce, kuma ba na neman a ce duk tafiyar ɗaya ce. Sai dai siffar labarin ba baƙuwa ba ce gare ni. Mun taso muna jin dattawa na cewa kada a jefi mahaukacin bakin kasuwa, wataƙila majzubi ne. Muna karanta Suratul Kahfi kowace Juma'a, inda bawan Allah ya huda jirgin miskinai Annabi Musa ya kasa haƙuri. Kuma mun san ba wanda ya karanta surar ya ɗauki gatari ya nufi kwalekwalen mutane. Haka na ga abin yake a nan. Ba mai jin labarin Kunley ya ce dokar ta faɗi. Na tambayi Apa, to in wani ya taso yau ya ce shi ma irinsu ne? Ya tofar da jan yawun doma a gwangwani, ya ce: "Lopen, da aka yi wa Tilopa faɗa kan kifi, yatsa ya ƙyasta kifin ya dawo da rai. Wanda zai iya haka, ya ci kifinsa. Wanda ba zai iya ba, ɓarawon kifi ne, la." Ya san da zancen wasu malaman tafarkin da suka je Amurka da Turai suka fake da wannan suna suka ci amanar mabiyansu, bai kuma kare su ba. Mu ma mun san masu fakewa da walittaka, ba sai an ba mu labari ba.

A ganina aiki biyu labaran nan ke yi wa mutanen Bhutan. Suna taka wa manya burki ba tare da an taɓa rawaninsu ba. Sannan suna sa mutum ya yi hattara da raina wanda bai sani ba, tunda a labarin kullum mai tsumma ne ke da abin, mai kujera ne ke jin kunya. Na ga na farkon da idona a bikin tshechu na Thimphu, wanda ake yi da kaka a harabar Tashichho Dzong. Ana tsaka da rawar ibada mai nauyi, kowa ya ci ado ya nutsu, sai ga atsara, 'yan barkwanci masu jar fuskar katako da ƙaton hanci, riƙe da irin abin da ke bangon gidanmu, suna kwaikwayon masu rawar, suna tsokanar manya a mazauninsu. An ce malaman Indiyan nan suke wakilta. Ɗaya ya hango ni, baƙin mutum tilo a wajen, ya ratso taro ya zo ya shafa kaina ya duba tafinsa ko launi ya fita. Wurin ya ɗauki shewa. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma daga kaina ya wuce kan wani mai jan kabney ya yi masa abin da ya fi nawa, shi ma ya haɗiye yana murmushi. Wata tsohuwa da ke gefena ta buɗe kwandonta ta miƙo mini soyayyar shinkafa da hannu biyu.

Ba na cewa labarin waliyyai ne ke ba da takardar zama. Izinin aikina sabunta shi ake yi, kuma zama ɗan ƙasa a nan abu ne da baƙo ba ya ma sa rai. Tsarin nan mai kyawun gani yana da kaifi: a farkon shekarun 1990 mutanen kudu masu jin harshen Nepal kimanin dubu 100 suka ƙare a sansanonin gudun hijira a Nepal, kuma zance ne da ba a so a tayar a teburin shayi. Kiran sallah ban ji shi a unguwarmu ba, waya ce ladanina. Juma'a mukan haɗu a wani ɗaki da wasu leburorin gini daga Indiya. Nama mun kusa mantawa da shi, don yawanci daga Indiya ake shigo da shi ba ka san yankan wa ba, a wata na ɗaya da na huɗu na kalandarsu ma ba a sayar da shi. Ƙwai da busasshen kifi da jar shinkafa suka riƙe mu, sai ema datshi, wanda barkono ne zalla aka dafa da cuku, barkonon shi ne miyar ba kayan haɗi ba.

Inda Drukpa Kunley ya shigo mana har ɗaki shi ne maganar haihuwa. Allah bai ba mu ba tukuna. Mun ɗauka mun baro masu ƙirga mana watanni a gida, ashe Ama ma tana ƙirgawa. Chimi Lhakhang wurin neman haihuwa ne. Ana haura Dochula, mita 3,100, inda chorten 108 ke jere, a gangara Lobesa, a ratsa gonakin shinkafa da ƙafa daga ƙauyen Sopsokha, malamin wurin ya ɗora wa mace kwari da baka da abin katakon nan a ka. Shi ya sa rajistar ajina ta cika da masu suna Kinley, wato Kunley, da Chimi, maza da mata. Ama ta ce ta shirya mota. Muka ce mun gode, ba za mu je ba. Ta yi murmushi ta ci gaba da shiri, domin a al'adarsu in an yi maka tayi sai ka ƙi sau ɗaya, sau biyu, kafin ka karɓa, ƙin farko ladabi ne kawai. Duk "a'a" ɗinmu ƙara mana daraja take a idonta, har tana faɗa wa maƙwabta irin tarbiyyarmu.

Daga ƙarshe maiɗakina ce ta hau sama ta zauna kusa da ita, Apa na tafinta. Ta ce, Ama, ke uwa ce a gare ni a ƙasar nan, amma mu wajen Allah kaɗai muke roƙon ɗa, in na sunkuyar da kaina a can na saɓa wa abin da nake sallah dominsa. Ama ta yi shiru tana jan carbi. Apa ya yi mata wata magana da Dzongkha, harshen ƙasar, wadda bai fassara ba, na dai tsinci sunan Lama Kunley a ciki, ta harare shi, sannan ta tashi ta ƙara wa maiɗakina shayi.

Ba ta fasa tafiyar ba, ita kaɗai ta je. Ta dawo da yamma da ƙura a ƙafa, ta ce ta kunna mana fitilar man shanu, kuma an zaɓar wa jaririn suna, Chimi. Maiɗakina ta ce mata in Allah ya kawo mace sunanta Khadija, sunan Hajiya, kuma tunda a gidanmu ba mai iya kiran sunan Hajiya gatsal, dole dai a nemi laƙabi. Ama ta ce to ai an riga an samu.